A Sauke Magana Jari Ce, A Ɗora Ganɗoki

Duk lokacin da aka ce a jero gwanayen littattafan almara na Hausa, wato labaran aljanu da matsafa da jarumai da ƙasashen da ido bai taɓa gani ba, kafin mai tambaya ya rufe baki wani ya ce Magana Jari Ce. Kowa ya gyaɗa kai. A sa Ruwan Bagaja na biyu, a jefo Iliya Ɗan Maiƙarfi na uku don kada a ce an manta da shi, a shafa fatiha a watse. Haka ake yi a majalisar hira, haka ake yi a Facebook, haka ɗalibai ke amsawa tun daga sakandare har jami'a. Mu dai mun ƙi wannan jeri. Muna cewa Magana Jari Ce bai kamata ma ya shiga wannan tsere ba, kuma kujerar farko ta Ganɗoki ce, littafin Malam Bello Kagara, wanda yawancin masu jerin nan ba su sake buɗe shi ba tun da suka bar makaranta, in ma sun taɓa buɗewa.

Wani zai ce mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan jerin littattafai? Akwai shi kuwa. Littafin da ke cikin jeri shi ake sake bugawa, shi malami ke sa wa ɗalibi ya yi nazari a kansa, shi mai karanta littattafai a YouTube ke ɗauka, shi uba ke saya wa ɗansa. Wanda ya faɗi daga jeri kuwa, gara ce ke gadonsa. A watan Oktoba na 2020 mujallar Time ta Amurka ta fitar da littattafan almara 100 da ta ce sun fi kowanne a tarihi. Ta sa Dare Dubu da Ɗaya, ta sa littattafai biyu na Amos Tutuola, ta sa Nnedi Okorafor da Tomi Adeyemi. Babu littafin Hausa ko guda. Ba mu ga laifinsu sosai ba, don ba su jin Hausa, kuma wasu daga cikin alƙalan nasu littattafan ma na cikin jerin. Amma ya kamata mu san cewa Ganɗoki da Ruwan Bagaja sun fito a 1934, shekara uku kafin Tolkien ya fitar da The Hobbit a 1937, shekara huɗu kafin Fagunwa ya fitar da nasa na Yarabanci a 1938. Muna cikin 'yan farko a wannan fage. Idan mu masu abin ba mu zauna mun auna shi da gaske ba, wa zai auna mana?

Jerin da ke haifar kansa

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta mun san wani abu game da jeri: babu jerin da ke faɗowa daga sama. Kafin na'ura ta ce wannan ne na ɗaya, sai wani ya gaya mata abin da za ta auna. Mun kuma san wata cuta da ke kama irin wannan aiki. Idan ka ce a ɗora abin da aka fi taɓawa a sama, to wanda ke sama shi ido zai fara gani, shi za a fi taɓawa, sai ya ƙara kafuwa a saman. Bayan wani lokaci ba ka auna kyau, kana auna wanda ya riga kowa hawa ne kawai.

Cutar nan ce ta kama jerinmu. An sa Magana Jari Ce a manhajar makaranta shekaru da dama, an karanta shi a rediyo, an mayar da shi wasan talabijin, kamfanin NNPC na Zariya bai daina buga shi ba. Saboda haka kowa ya san shi. Da aka tambayi kowa wane ne gwani, sai ya ambaci wanda ya sani. Masu tsara manhaja suka ji abin da jama'a ke faɗa, suka sake sa shi. Wannan ba alƙalanci ba ne, kewayen rijiya ne. Mutumin da littafi ɗaya ya karanta a aji uku na sakandare ba zaɓi ya yi ba in ya ambace shi, ƙuruciyarsa yake tunawa. Kewar ƙuruciya abu ne mai daɗi, amma ba a ɗora ta a sikeli.

Me ya sa muka fitar da Magana Jari Ce

Kada a yi mana gurguwar fahimta. A wajen sarrafa Hausa, Alhaji Abubakar Imam dutse ne, ba mai ɗaukarsa. Jimlarsa ba ta da kitse, barkwancinsa bai tsufa ba, kuma duk wanda ke rubutun zube da Hausar boko a yau ya sha daga rijiyarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Idan gasar iya Hausa ake yi, a miƙa masa kambi mu tafa.

Amma tambayar da aka yi ita ce ƙagaggen labarin almara, wato labari guda mai tsawo, wanda ya gina duniyarsa, ya ɗauki jaruminsa daga farko ya kai shi ƙarshe. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937 cikin littafi uku, taskar gajerun labarai ne. Labarin Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da mugun waziri da aku igiya ce da aka tsire labaran a jikinta, kamar yadda ake tsire nama. Zare tsoka ɗaya daga tsakiya, sauran ba za su san an yi ba. Da yawan labaran ma babu aljani ko sihiri a cikinsu: na ɓarayi ne, da wawaye, da alƙalai, da 'yan duniya masu wayo. Wanda ya sa shi a gaban Ganɗoki a matsayin labarin almara kamar wanda ya kai rumbu gasar dawaki ne, wai don ya fi kowane doki girma.

Fitar da shi daga wannan tsere ba rage masa daraja ba ne. Mayar da shi gidansa ne, inda yake sarki ba tare da abokin tāka ba. Abin da muke ƙi shi ne a riƙa fakewa da sunansa don a guje wa aikin karanta sauran.

Zancen aro

Akwai sanda guda da ake dukan sababbin marubutan almara da ita, musamman masu littattafan yaƙi da suka cika kasuwa daga shekarun 1990: wai kwashe-kwashe ne, daga littattafan Larabawa da finafinan Indiya da na Sin. To, a kawo sandar nan mu gwada ta a kan manya.

Imam da kansa bai ɓoye cewa ya amfana da Muƙamar Hariri wajen rubuta Ruwan Bagaja ba, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukan malamai a nan Sakkwato. Magana Jari Ce kuwa, Rupert East ne ya tara masa littattafai na Larabawa da na Turawa da na Indiya a Zariya, ya zauna ya zaɓa ya sake ƙerawa: akwai na Dare Dubu da Ɗaya, akwai na Kalila wa Dimna, akwai tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, shi kansa akun mai hana fita da labari daga Indiya ya taso. Farfesa Ibrahim Malumfashi, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya bi sawun waɗannan tushe a nazarinsa na adabin Imam. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, jarumin Rasha ne mai suna Ilya Muromets aka naɗa wa rawani: birnin Kib shi ne Kiyef, Sarki Waldima shi ne Vladimir. Idan aro ne laifin, to babu wanda zai rage a jerin, sai mu rufe shagon.

Mu Sakkwatawa mun fi kowa cancantar sanin haka. Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato a farkon zuwan Turawa, ya sa malamai sun rubuta masa labarai da tatsuniyoyi da ajami, ya miƙa tarin ga Frank Edgar, wanda ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Wanda ya leƙa ciki zai ga Gizo da Ƙoƙi da Dodo zaune kafaɗa da kafaɗa da hikayoyin da suka biyo ayarin fatake da alhazai daga gabas. Tun kafin a kafa Hukumar Fassara, kakanninmu aro suke yi suna rinawa. Labari matafiyi ne, ba ya da fasfo. Tambayar da ta dace ita ce: da baƙon ya sauka gidanka, me ka yi da shi? Ka ba shi tuwo ya ci har ya koyi gaisuwarmu, ko ka bar shi tsaye a ƙofa da kayansa a ka?

Sikelinmu

Tunda mun ce babu jeri sai da ma'auni, ga namu a fili, don wanda zai yi gardama ya san inda zai kama.

Na farko, doka. Duniyar almara tana da 'yancin saɓa wa tamu, amma ba ta da 'yancin saɓa wa kanta. Idan marubuci ya ce takobin nan ba ya cin mai gaskiya, to kada ya ci shi a shafi na 80 don marubucin ya rasa mafita. Yaro ma da ake yi wa tatsuniya ya san wannan: in ka ce Dodo ba ya ƙetare ruwa, sa'annan ka ƙetarar da shi, zai tsayar da kai.

Na biyu, asara. Abin al'ajabi da ba a biya komai a kansa ba, ba shi da nauyi. Jarumin da ya sami zoben sihiri a banza, ya kashe dubu bai yi ko tuntuɓe ba, ya auri gimbiya ya koma gida yadda ya fito, bai yi tafiya ba, zagaye ya yi. Muna son mu ga abin da tafiyar ta ci masa wanda ba zai dawo ba.

Na uku, harshe. A ji Hausa tana numfashi: kirari, habaici, zambo, karin magana a inda ya dace, da jimlar da in an karanta ta a bayyane mai sauraro zai ajiye abin da ke hannunsa.

Ba mu sa yawan masu karatu ba, ba mu sa tsufa ba, ba mu kuma sa wa'azi ba. Littafi na iya cika da nasiha ya zama mataccen labari.

Ganɗoki

Ganɗoki na cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da East ya shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubucinsa, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yayan Abubakar Imam ne, kuma ya girme shi da kimanin shekara 20. Wannan tazara ita ce kan zancen. An haifi Imam a 1911, bayan ƙura ta lafa. Bello Kagara kuwa yana yaro mai wayo lokacin da sojan Lugga suka ci Bida da Kwantagora a 1901, da lokacin da Sakkwato ta faɗi a filin Giginya ran 15 ga Maris 1903, da lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Ya ga mutanen da duniyarsu ta rushe a kansu, ya ji yadda suke magana.

Dubi yadda ya gina littafin. Kashin farko a ƙasa yake, ƙasarmu, da garuruwa na gaske da sarakuna na gaske da yaƙin zuwan Turawa. Ganɗoki barde ne mai ji da kansa, mai kirari, wanda bai san gudu ba. Amma jaruntakarsa ba ta hana abin da zai faru faruwa ba, domin takobi da sulke ba su da amsar bindiga mai ruwa. Sai ya nufi gabas. Daga nan ƙasa ta zame daga ƙarƙashin labarin, aka shiga duniyar aljanu da dodanni, inda shi da ɗansa Garba Gagare ke fafata yaƙi suna cin nasara suna shigar da Musulunci. A ƙarshe ya dawo gida ya tarar zamani ya juya, mulki ya tabbata a hannun waɗanda ya yaƙa.

Masu suka suna cewa littafin ya rabe biyu, rabi tarihi rabi tatsuniya, kamar an ɗinke riga da buhu. Mu kuwa muna cewa ɗinkin nan shi ne gwanintar. Me ya sa mutum ke ƙirƙiro ƙasar aljanu? Bello Kagara ya ba da amsar da babu wani marubucin Hausa da ya ba da irinta: saboda an ƙwace masa tasa. Ganɗoki ya tafi inda takobi ke da sauran daraja ne, domin a gida an mayar da shi kayan ado na hawan salla. Kowace nasara da ya ci a kan aljanu tana tuna wa mai karatu wadda bai ci ba a kan mutane. Ya kashe dodanni iya son ransa, amma ko ɗaya daga cikinsu bai dawo masa da abin da ya rasa ba. Ga asara ta gaske, wadda ta fi ƙarfin sihiri. Kuma ka tuna wa aka miƙa wa rubutun: jami'in ilimi na gwamnatin da ta ci ƙasar, shekara 30 kacal bayan Giginya. Malamin da ke karɓar albashi a Kwalejin Katsina ba zai iya fitowa fili ya yi makokin daular da ta faɗi ba. Sai ya sa wa makokin sulke, ya ɗora shi a doki, ya aika shi ƙasar aljanu.

A wajen harshe kuma, Hausar Ganɗoki ta maroƙa da 'yan ma'abba ce, mai tafiya da kirari kamar ana buga tambari. Imam yana sa ka murmushi, yayansa yana sa tsikar jikinka ta tashi. Muna sane da rauninsa: mata ba su da wani matsayi a ciki sai na ganima, kuma ƙarshensa ya sassauta wa sabon zamani fiye da yadda farkonsa ya yi alkawari. Duk da haka, a ma'auni uku ɗin nan, babu wanda ya kama ƙafarsa.

Sauran kujeru huɗu

Ta biyu ta Ruwan Bagaja ce. Nan ne Imam ya rubuta labari guda mai kai da gindi: Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke Liman daga dariyar da aka yi masa a fada. Dalilin tafiyar na mutunci ne, kuma kowane Bahaushe ya san zafin a kunyata babba a gaban jama'a. Abin da ya hana shi kujerar farko shi ne, yawancin tafiyar ramuwar gayya ce tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan, gobe a rama. Abin dariya ne ƙwarai, amma aljanun sai can wajen ƙarshe suke shigowa da ƙarfinsu, kuma Alhaji ya dawo da riba ba tare da wani tabo mai zurfi ba.

Ta uku ta Iliya Ɗan Maiƙarfi ce. Jarumin da ya fara rayuwa a gurgunce, yana kallon iyayensa na wahala ba ya iya tashi, ya riga ya biya kuɗin ƙarfinsa tun kafin a ba shi. Shi ya sa mai karatu ba ya jin haushin nasararsa. Ahmadu Ingawa ya rina baƙon nan har Hausawa suka ɗauki dokinsa Kwalele suka sa a bakin magana, yawancinsu ba su san daga ƙasar ƙanƙara ya zo ba. Wannan shi ne aron da ya halatta.

Ta huɗu ta Tauraruwa Mai Wutsiya ce, ta Umaru Dembo, 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Yaro Kilba ya haɗu da baƙo daga sama, Kolin Ƙoliyo, ya tafi da shi yawon sararin samaniya. Wasu za su ce wannan almarar kimiyya ce, gidanta daban. Mun ji, amma ba mu da yawan da za mu raba gida biyu tukuna, kuma littafin ya yi abin da ba a saba ba: ya ɗaga kan yaron Bahaushe daga kogon aljanu ya nuna masa taurari.

Ta biyar muka ba Malikussaif Ibn Ziyazanun na Aliyu Abubakar Sharfaɗi, kuma mun san nan ne za a yi mana ca. Tushensa hikayar Larabawa ce ta Saifu ɗan Zi Yazan, sarkin Yaman na kafin zuwan Musulunci, wanda masu hikaya suka kewaye shi da aljanu da bokaye da neman littafin kogin Nilu. Mun sa shi ne don ya kawo wa Hausa abin da littattafan 1934 ba su da shi, wato faɗi: labari mai dogon zango da jama'a da yawa da ƙulli a cikin ƙulli, wanda ke riƙe mai karatu littafi bayan littafi. Matasa da yawa da makaranta ta kasa sa su son karatun Hausa, irin wannan littafi ne ya zaunar da su.

Ga 'yan littattafan yaƙi

Yanzu bari mu juyo kan namu. Tun da aka laƙaba wa rubutun zamani sunan adabin kasuwar Kano, manazarta suka fi karkata ga littattafan soyayya, ko don su yabe su ko don su tsine musu. Littattafan yaƙi, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya fi kowa suna a kansu, ba su sami ko arzikin zagi na ilimi ba. An wuce su kamar ba a gani ba, alhali su ne 'yan makaranta ke karɓa haya suna ɓoyewa cikin littafin lissafi, su ne kuma yau ake saurare a waya a tasha da shago da gona. Wannan wulaƙanci ne, kuma muna ƙin sa.

Amma ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya. Abin da ya hana yawancin littattafan nan hawa jerinmu laifinsu ne, ba na manazarta ba. Jarumi tun shafi na farko ya fi kowa kyau da ƙarfi a duniya, to me ya rage mu jira? Yaƙi ɗaya ake maimaitawa sau goma, ana ƙara sifiri a adadin matattu. Sunayen birane da na sarakuna duk na wata Larabawa ce ta bogi, kamar ƙasar Hausa ba ta da abin al'ajabi, alhali ga ganuwar Surame a kwance, ga Alƙalawa, ga Kanta na Kabi, ga Bawa Jan Gwarzo, ga dukan aljanun da ke bakin kakanninmu. Ana jan labarin da zai ƙare a littafi biyu har ya kai takwas, saboda kowane kashi kuɗi ne. Mafi muni kuma, in marubuci ya kai jaruminsa lungun da shi kansa bai san mafita ba, sai ya sa shi ya yi addu'a, nan take tsafi ya karye. Babu Musulmin da ke musun ƙarfin addu'a. Abin da muke musu shi ne mayar da ita tsanin gudun marubuci malalaci. A rayuwa mai addu'a yana haƙuri, yana jira, yana rasa abin da yake so, ana jarraba shi. Labarin da ya cire jarrabawar ya bar amsar kaɗai bai girmama addu'a ba, ya mayar da ita laya.

Wannan kuma ita ce amsarmu ga masu cewa a bar almara gaba ɗaya don ƙarya ce da ɓata lokaci. Mai tatsuniya ba ya yaudarar kowa, tun a bakin ƙofa yake shelar cewa ƙaryarsa ce. Garin da malamansa suka karantar da Muƙama ɗaruruwan shekaru, suna sane da cewa Abu Zaidu ƙagagge ne, bai kamata a koya masa bambancin ƙarya da hikaya ba.

Abin da ya rage

Jerin nan namu ba wahayi ba ne. Muna so a yi gardama da shi, amma da sharaɗi biyu: mai gardama ya faɗi ma'auninsa, kuma ya karanta abin da yake kushewa. Wanda bai karanta Ganɗoki ba, ya nemo shi, gajere ne, zama ɗaya ya ishe shi. Wanda ke ganin wani littafin Madakin Gini, ko na wata marubuciya da ke sakin labarin aljanu kashi-kashi a WhatsApp, ya fi Malikussaif, ya kawo suna da hujja, ya nuna mana dokar duniyar littafin da asarar jaruminsa da jimla guda da ta tsaya masa a rai. In hujjarsa ta fi tamu, kujerar tasa ce.

Sai dai a yi sauri. Littattafan yaƙi na shekarun 1990 a takarda mai araha aka buga su, da yawa ba a sake bugawa ba, shagunan haya kuma sun zama na cajin waya. Wanda ke zaton intanet ma'ajiya ce ta har abada ya tuna da OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, wanda ya rufe a ƙarshen 2023. Sakkwato na da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, tana da sashen harsunan Nijeriya a jami'a, tana da matasa masu waya da suka iya ɗaukar hoton shafi. Idan malaman zamanin Burdon sun iya tsirar da tatsuniyoyinmu da tawada da alƙalamin kara, mu ba mu da uzuri. A tattara littattafan, a nemi izinin masu su, a adana, sa'annan a zauna a yi faɗan wane ne gwani da littafi a hannu.

Kafin nan, ga matsayinmu: Ganɗoki na ɗaya. Aku ya yi haƙuri, ya daɗe a kan kujerar da ba tasa ba.